Buhu Goma Sha Bakwai da Kyanwar Malama

Litinin, 2 ga Disamba, ƙarfe tara da rabi na safe

Motar masana'anta ta shigo layinmu yau. Ina tsaye a bakin taga na ji ta tsaya a ƙofar maƙwabciyata Tokie, na ji ana sauke buhuna, na kuma ji muryar Tokie tana yi wa direba faɗa a kan yadda zai jera su. Na sa rigar sanyi, na buɗe rumbu, na share ƙanƙarar da ke bakinsa domin kada in ɓata musu lokaci. Motar ta tashi, ta wuce gidana, ta tsaya a gidan Sasano.

Na rufe rumbun.

Shekara goma sha tara motar nan ba ta taɓa wuce ni ba. Ni da marigayi mijina Genzo muka bi gidajen garin nan ɗaya bayan ɗaya muna lallashin mutane su bar kananzir su koma ƙwayar katako: garin itacen dajinmu, a busar da shi, a matse, ya fito ƙanana kamar abincin kaji, a zuba wa murhu ya riƙa ci da kansa. Shi yana da ilmin daji, ni ina da bakin shugabar makaranta. Murhun farko da aka kunna a garin nan, a ɗakin da nake zaune yake.

Na ƙirga ragowar bara da hannu, buhu bayan buhu. Goma sha bakwai.

Lokacin da ƙanƙara ta narke a farkon shekara, ɗana Masaomi ya zauna a kujerar mahaifinsa ya ce, "Mama, ba zan tilasta miki ba. Amma ranar da ɗumama gidan nan ya gagare ki, za ki taho wurina birnin Sapporo, ba gardama." Na amsa masa, domin na tabbata ranar ba za ta zo ba. Zai iso hutun sabuwar shekara ranar talatin ga wata.

Talata, 3 ga Disamba, ƙarfe uku na yamma

Na buga wa masana'anta waya. Wata yarinya mai ladabi ta ce sunana ba ya cikin jerin bana. Na ce kuskure ne, ta sake dubawa.

"Malama Hozumi, bana ba kamar kullum ba ne. Kaya sun yi ƙaranci, sai wanda ya rubuta buƙatarsa a takardar da ta bi allon zagaye a watan Oktoba. Ga takardar a gabana. Akwai hatiminki cewa kin gani, amma gurbin yawan buhu babu komai."

Na ce, "Na sani." Na yi mata godiya, na ajiye wayar.

Allon zagaye yakan zo sau biyu a wata. Tokie ta kawo mini, in karanta sanarwar da aka maƙala, in buga hatimina a gurbin gidana, in kai gidan Sasano. Shekara arba'in ban taɓa bari ya kwana a hannuna ba. Ofishin gari ne ya lalace: yanzu da wata irin tawada mai fari-fari suke buga takardunsu, haruffa kuma sai ƙara ƙanƙancewa suke yi. Ya kamata wani ya yi musu magana.

Alhamis, 5 ga Disamba, da safe

Saura buhu goma sha huɗu.

Asabar, 7 ga Disamba, ƙarfe goma sha ɗaya

Tokie ta kawo allo. Ba ta iya miƙa abu ta tafi, sai ta zauna a dakalin zaure ta kwance bakinta.

"Malama, kin ga abin da suka yi mana? Kashi ɗaya cikin uku suka yanke! Buhu ɗari da ashirin aka ba ni. Gidana da iska ke shiga ta kowace kusurwa kamar kwando, biyu yake ci a rana. Ina zai kai ni? Kafin ƙarshen Janairu zan fara ƙona kujeru."

Na tambaye ta dalilin ƙarancin, kamar wadda ke jarraba ɗaliba.

"Oho! Kowa da tasa. Mai gyaran gashi ta ce jiragen ruwan da ke kawo wa babbar tashar lantarki ƙwaya daga ƙasashen waje ne ba su iso ba. Direba ya ce a'a, direbobin ne babu, duk sun tsufa. Tsohon Sasano ya ce yaƙi ne a wata ƙasa. Ni dai abin da na sani, muna zaune a tsakiyar daji muna rawar sanyi. Ke fa, ban ga an sauke miki ba."

"Ina da ragowar bara."

"Ai kuwa, masu ilmi ba sa rasa dabara."

Na ɗauki allon, na riƙe shi gwargwadon lokacin da karatu ke ɗauka, na buga hatimi. Tokie ta leƙo.

"Malama, a gurbina kika buga. Ko kin koma gidana da zama ne ban sani ba?"

Na ce zauren ne ba haske. Ta yi dariya, ta ce ita ma jiya ta zuba gishiri a shayi. Amma ta daɗe tana ɗaure takalminta, fiye da yadda takalmi ke buƙata.

Litinin, 9 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na shiga bas na tafi masana'anta da kaina. Na shirya maganata tun daga gida, jimla uku, babu roƙo a ciki.

Manajan, Kasuga Tetsuro, ɗalibina ne. Yana aji huɗu ya taɓa kuka saboda lissafin rabawa. Yanzu furfura ta cika masa kai. Ya rusuna har ƙasa, ya ja mini kujera kusa da murhu, ya kawo shayi da hannunsa. Kafin in buɗe baki ya fara.

"Malama, ki leƙa filin nan. Bara war haka gungume ya kai tsayin rufi. Bana masu sara sun ce mutanen tashar lantarki suna zuwa har bakin daji suna kwashewa, ba ma sai an kai musu ba. Abin da suke ƙonawa a yini ɗaya ya fi abin da garin nan ke ci a shekara. Injina kwana uku yake aiki a mako. Ina da gidaje tara da ba su rubuta ba, suna jira, biyu da jarirai. Kullum sai wata ta zo ta yi mini kuka a nan inda kike zaune."

Na leƙa filin. Fari ne fat, ban da wata inuwa a gefe. Ina jin manyan motoci suna wucewa a titi, duka sun nufi kudu.

"Da ban ga buƙatarki ba," in ji shi, "sai na ce ko Masaomi zai ɗauke ki bana. Ai ya kamata ki huta."

"Babu inda zan je. Ragowar bara ta ishe ni. Na zo ne in ga yadda kake riƙe da abin da maigidana ya bari."

Ya sake rusunawa. Ya raka ni har tashar bas.

Ba zan shiga gaban jarirai ba, wannan gaskiya ne, kuma na rubuta shi da kwanciyar rai. Sai dai ban san da maganar jarirai ba lokacin da na haɗiye jimlata ta farko.

Goma.

Laraba, 11 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Na rufe ɗakunan sama da ɗakin baƙi. Na jawo shimfiɗata gaban murhu. Ina kashe shi daga goma na safe zuwa uku, ina zaune da riga uku da bargo. Da yamma nakan zare ruwan bututu gaba ɗaya, kamar yadda Genzo ya koya mini, domin idan ruwan ya daskare bututu ya fashe mai gyara zai zo, mai gyaran kuwa abokin Masaomi ne tun suna yara.

Littafin nan yana saurin cika bana. Na koma rubutu da alƙalami mai kauri, siririn ba ya kama takarda. Layi shida shafi ya ƙare.

Na kunna wa Genzo turare a gaban hotonsa. Ban gaya masa komai ba.

Juma'a, 13 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Bakwai.

Na je babban kantin bakin tasha. Inda suke jera ƙwayar murhu babu ko buhu, sai wata takarda da aka manna, wadda ban tsaya karantawa ba tunda ma'anarta a fili take. Ina komawa ta layin kayan dabbobi hannuna ya taɓa wani buhu, na ji abin da ke ciki yana gudu a ƙarƙashin yatsuna yadda na sani. Na matsa shi, na shinshina. Katako ne. Irin wanda ake zuba wa kyanwa a kwano ta yi bahaya.

 Na sa ƙananan buhuna shida a keken kaya.

A wurin biya, Minori ce, ita ma ta bi ta ajina, kuma tun tana ƙarama ba a ba ta ajiyar magana.

"Laa, Malama! Kyanwa kika samu? Kai, na ji daɗi! Dama ina cewa zaman kaɗaici ba kyau. Mace ce ko namiji? Wane launi?"

Akwai mutum huɗu a bayana. Na ce, "Mace. Toka-toka."

Shekara talatin da takwas ina hukunta yara a kan ƙarya. Motar kanti ta kawo kayan kafin duhu.

Asabar, 14 ga Disamba, da safe

Murhu yana cin sa. Na haɗa na kyanwa da na gaske, rabi da rabi. Harshen wutar ya fi ja, tokar ta fi yawa, amma ɗakin ya ɗumama har na cire riga ɗaya. Ban ga abin kunya ba a cikin dabara.

Lahadi, 15 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Masaomi ya kira, kamar kowace Lahadi.

"Mama, na ji a labarai ana ƙarancin ƙwaya a wajenku. An kawo miki?"

"Ka taɓa jin gidan Hozumi ya rasa wuta?"

"Ba amsa kika ba ni ba, Mama."

"Murhu yana ci yanzu haka. Ko in kara maka wayar ka ji?"

Ya yi dariya. Ya ce ɗakin da suka tanadar mini yana kallon gabas, bene na tara, ɗumi ta ƙarƙashin daɓe yake fitowa, ba sai na ɗaga buhu ba. Na ce madalla, su sa injin ɗinki a ciki.

Bene na tara. A nan na san taku nawa ne daga shimfiɗa zuwa murhu, daga murhu zuwa famfo, daga ƙofa zuwa rumbu. Babu abin da ke gidan nan da hannuna bai san wurinsa ba. Ban san dalilin da ya sa na rubuta wannan ba.

Talata, 17 ga Disamba, ƙarfe ɗaya na rana

Jiya na sa aka kawo wasu shida. Yau Tokie ta zo, ba ranar allo ba, riƙe da ƙunshin busasshen kifi.

"Na kawo wa baƙuwa gaisuwa. A ce maƙwabciyata ta yi kyanwa, sai a bakin Minori zan ji? Ina take? Mus-mus-mus!"

Na tare ƙofar ciki da jikina. Na ce tana tsoron mutane.

"Ta yi gadon uwar ɗakinta. Me sunanta?"

Ban shirya wannan ba. Na ce ban raɗa mata ba tukuna.

"Buhu goma sha biyu a kwana huɗu, kuma ba ta da suna! Malama, anya kyanwa ce ba saniya ba? Ki kai ta asibiti, cikinta ba lafiya."

Na ce ina tanadi ne saboda kada hanya ta toshe.

"Haka ne." Ta busa iska, ta tsaya tana kallon tururin bakinta a cikin zaurena. "Tokar da kika watsa a hanya kuwa, baƙa ce, dunƙule-dunƙule. Na kusa karya ƙafa. Tokarki a da fara ce kamar gari."

Na karɓi kifin na yi godiya cikakkiya, irin wadda ke nufin a tafi. Ta tafi.

Na dafa kifin da shinkafa. Yana da daɗi, abin haushi.

Alhamis, 19 ga Disamba, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na farka murhu a mace. Rediyo ya ce sanyi ya kai sha tara ƙasa da sifili. Na danna maɓalli, ya yi ƙara uku ya tsaya. Akwai ɗan gilashi a gefensa inda yake nuna abin da ke damunsa da lambobi ja. Na ga jan. Na kawo fitila, na kawo madubin ƙara girma, na durƙusa har hancina ya taɓa ƙarfe. Ja ne kawai, kamar garwashi a cikin hazo.

Littafin bayanin murhun yana aljihun tebur. Na ɗauko shi, na riƙe, na mayar.

Na buɗe cikin na laluba. Tokar ta daskare a kwanon wuta ta zama kamar dutse, ta toshe ramukan iska. Da cokali na kankare ta, awa biyu, yatsuna ba sa jin cokalin. Ya kama da ƙyar.

Huɗu suka rage na gaske. Kwana goma sha ɗaya kafin Masaomi. Bayan ya tafi kuma akwai Janairu, da Fabrairu, da Maris. Na koyar da lissafi, ba sai an gaya mini ba.

Juma'a, 20 ga Disamba

Murhu ya mutu sau biyu. Ba zan yi dogon rubutu ba.

Asabar, 21 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Zan rubuta abin da ya faru yadda ya faru, ko da ba zan iya sake karanta shi ba.

Yau ce rana mafi gajarta a shekara, ranar cin kabewa da jan wake. Da safe murhu ya ƙi tashi sam, famfon ɗakin girki kuma ya ƙi kawo ruwa. Ina durƙushe da cokalina na ji an turo ƙofa. Tokie ba ta tsaya a zaure ba. Ta cire takalmi ta shigo har ciki da tukunyarta, abin da ba ta taɓa yi ba sai an ce mata ta shigo.

Ta ajiye tukunyar. Ta dubi shimfiɗa, ta dubi buhunan kyanwa a jingine da bango. Ba ta ce mus-mus ba.

"Matsa." Ta durƙusa ta duba gilashin. "Lamba huɗu ya nuna. Ina littafin?" Na nuna mata aljihun. Ta karanta a hankali, tana bin layi da yatsa, ina jin ƙarar takardar. "Bututun hayaƙi ya toshe. An ce a kashe, kada a sake kunnawa sai an share, hayaƙin yana iya komowa ɗaki. Tun yaushe yake nuna wannan?"

"Tun Alhamis, ina tsammani."

"Kina tsammani! Kwana uku kina kwana da kanki a gindinsa! Me lambar ta ce miki ranar Alhamis?"

Na juya cokalin a hannuna. Ita kuwa ta ƙi taimaka mini ko da kalma ɗaya.

Na haɗa mata da "san" na girmamawa, na ce, "Ban gan ta ba, Tokie-san. Ba na ganin rubutu. Tun damina wani abu kamar hazo ya rufe mini ido. Takardar Oktoba ma ban karanta ba. Hatimi kawai na buga."

Ban taɓa faɗin wannan ba, ko ga littafin nan.

"Na sani," in ji ta. "Tun ranar da kika buga a gurbina. Kafin nan ma, watanni kina riƙe allo na ga idonki ba ya tafiya. Na ce bari in ga yaushe Malama za ta buɗe baki ta ce, Tokie, karanta mini. Ashe gara ki mutu."

"Ba haka ba ne."

"Haka ne! Kin tuna takardar da na rubuta miki lokacin da 'yata ta yi ƙyanda? Shekara arba'in da biyu. Kika mayar mini da ita da gyara bakwai, da jar tawada. Ni da na bar makaranta ina da sha biyar na shiga injin yanka katako. Yaya za a yi irina ta karanta wa irinki?"

Ban tuna takardar ba. Wannan ya fi komai muni, domin na san zan iya aikatawa.

Ta share bututun da kanta, tana tsine wa kyanwa da mai kyanwa. Ta narkar da famfo da tawul mai zafi. Bai fashe ba. Ta kunna murhu da na gaske. Sannan ta ce gobe za ta jawo mini buhu talatin daga nata.

Na ce ba zan karɓa ba. Nata ma ba zai kai ta ba, kuma ban taɓa cin rabon wani ba.

"To ki ci girman kanki, ki ga ko yana ɗumama ɗaki." Ta buga ƙofa.

Ta bar kabewar. Uku.

Lahadi, 22 ga Disamba, ƙarfe uku na yamma

Tun safe nake juya abu ɗaya. Gidan Tokie yana cin biyu a rana. Abin da ya rage mata, wajen tamanin, zai ƙare kafin Fabrairu ya shiga. Gidan nan Genzo ya ninka bangonsa da tagoginsa da hannunsa. Ɗaya yake ci in an rufe sama. Tamanin a nan zai kai tsakiyar Maris, lokacin da Tetsuro ke sa ran itacen sabon sara. Ita tana da ƙwaya ba ta da bango. Ni ina da bango.

Lissafin ba shi da aibi. Na bi shi sau uku ina neman kuskure, domin ina so in samu. Tana kunna talabijin tun asuba. Tana magana da abinci a baki.

Masaomi zai kira da shida. Zan ce masa ina girki.

Litinin, 23 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Na sa rigata ta zuwa taro na tafi gidan Tokie. Taku sittin da huɗu. Na tsaya a zaure na gabatar da lissafin daga farko zuwa ƙarshe, na nuna mata cewa ba kyauta ba ce, ba kuma roƙo ba, kowa zai kawo abin da yake da shi.

Ta saurara har na gama. "Wato dai kina so in zo in zauna da ke."

"Ina cewa hankali ya nuna..."

"Malama, ba a aji muke ba. Kina so ko ba kya so?"

Na ce ina so. Na kuma ce, game da takardar nan ta shekara arba'in da biyu, ban kyauta ba.

"Bakwai ɗin duk daidai ne, na tambaya daga baya," in ji ta. "Shi ya sa ya yi zafi." Ta ja hanci. "Sharaɗi biyu. Talabijin ɗina zai biyo ni. Na biyu, Masaomi na shigowa za ki gaya masa maganar idonki da bakinki. In ba haka ba ni zan faɗa, kuma kin san ni, sai na ƙara gishiri."

"Zai ɗauke ni."

"Wataƙila. Yayata an kankare mata irin wannan hazon a asibitin Obihiro, kwana biyu ta dawo tana ganin ƙurar da ke gidan kowa. Wataƙila naki irinsa ne, wataƙila ba shi ba ne. Amma ba za ki sani ba kina zaune kina kiwon kyanwar ƙarya."

Alhamis, 26 ga Disamba, da yamma

Kwana uku muna jan buhuna a kan ƙanƙara, biyu-biyu, cikin kwandon roba mai igiya. Tsohon Sasano ya fito ya taya mu, bai tambayi komai ba. Mun zare ruwan gidanta mun kulle. Ta sa tukwanena inda ba wurinsu ba, na yi karo da kujera sau biyu. Na yi magana, ta mayar da komai, tana gunaguni.

Ɗakin yana da ɗumi.  Saura kwana huɗu Masaomi ya iso.

Litinin, 30 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Masaomi ya iso da azahar. Ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallon shimfiɗa biyu da talabijin da Tokie a kujerar mahaifinsa.

"Mama, na tsaya a kanti, Minori ta ce in gaida kyanwa. Wace kyanwa?"

"Ga ni," in ji Tokie. "Toka-toka, ga cin tsiya. Zauna, yaro, uwarka tana da magana." Ta tashi ta shiga ɗakin girki, ta bar ƙofar a buɗe.

Na gaya masa duka: ido, da allo, da motar da ta wuce, da lamba huɗu. Ban rage ba. Ban iya ganin fuskarsa ba, sai jin numfashinsa.

"Da kin mutu fa, Mama? Ina can ina tambayarki kina ce mini in saurari murhu?"

"Na yi kuskure."

Ina jin bai taɓa jin wannan daga bakina ba. Can ya ce alkawari alkawari ne, gidan ya gagare ni.

Na ce, "Alkawarinmu a kan ɗumama gida ne. Cire rigarka, gumi kake yi."

Daga ɗakin girki aka yi dariya. Shi bai yi ba. Mun daɗe muna ja. Inda muka tsaya: zan bi shi Sapporo ranar sha huɗu ga Janairu likita ya duba idon, a yi abin da za a yi, ya dawo da ni da kansa. Zan zauna a nan muddin Tokie tana nan. In ƙanƙara ta narke, za mu sake zama, kuma abin da likita ya faɗa zai shiga cikin maganar.

Ba nasara ba ce. Wata uku ne. Ina tsoron ranar sha huɗu fiye da yadda na ji tsoron sanyi.

Asabar, 4 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Masaomi ya koma jiya. Saba'in da ɗaya.

Allon farko na shekara ya zo. Tokie ta karɓo, ta miƙo mini bisa sabo, na riƙe shi, na buɗe hatimina. Sai na mayar mata.

"Tokie-san, karanta mini. Daga sama."

Shafi uku ne. Ta karanta ranakun kwashe shara, da gargaɗi a kan ƙanƙarar da ke zubowa daga rufi, da sanarwar masana'anta cewa ba a san ranar da kaya za su daidaita ba, amma mai son rabon Maris ya rubuta yawan buhu a gurbinsa kafin ranar goma. Tana tuntuɓe a kan manyan kalmomi. Sau biyu bakina ya buɗe, na rufe shi.

"Nawa zan rubuta?" in ji ta.

"Talatin. A gurbin gidan nan."

"Maris fa, Malama. Kin tabbata kina nan?"

"Rubuta."

Ta rubuta. Ta kama hannuna ta ɗora shi a kan gurbin, na buga.